Takardar Tsakiya

Adjamé Liberté, Abidjan
14 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Salamatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da duk mutanen Gusau. Ya ƙafar Inna? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.

Yaya, shekaranjiya na ga fuskar ƙaninki cikin maiƙon nama. Tun rasuwar abinci ba ya shiga, shi ne maƙwabciyata Zuhura ta biya ta bakin tashar Adjamé ta sayo mini cukuya, gasasshen naman ragon nan, ko zan taɓa. Ina buɗe ƙunshin sai ga rabin goshinsa da hularsa, yaji ya manne a ido ɗaya. A ƙarƙashin hoton ga aya da Larabci, mai ya jiƙa ta sharkaf. Na daɗe ina kallo kafin na gane jaridar makarantarsu ce. Ban ma san an buga ta ba.

Kin san shekara goma sha ɗaya shi yake tsara jaridar nan ta ɗalibai a makarantarsu ta Treichville, duk ƙarshen zango. A ƙasan ɗakin nan yake yi, da almakashi da gam, ni ke riƙe masa rula. Shafi takwas ne, wato takarda biyu aka ninke, ɗaya cikin ɗaya. A ta waje yake zuba ƙwallo da sakamakon jarrabawa da barkwancin yara. Duk abin da ke da aya ko hadisi kuwa sai a ta tsakiya, kuma bai taɓa yarda a ɗinke su da ƙarfe ba, don a iya zare ta a adana. Yakan ce rabin iyayen yaran mahauta ne, kuma jaridar makaranta kwana uku take jarida, daga nan takarda ce kawai. Bai taɓa jin haushin haka ba. Tsara abinsa ya yi yadda ko an naɗe nama ba a ɗauki alhaki ba.

To wani sabon malami, Malam Yasir, shi aka ba aikin. A kwamfuta ya yi, ya shimfiɗa hoton Malam da aya a shafin baya, ya baza hadisai ko'ina kamar mai barbaɗa gishiri, sannan ya sa aka ɗinke. Ko mutum ɗaya bai zo ya tambaye ni ba. Ana ta zuwa ana ce mini yako, yako, irin ta'aziyyar mutanen nan, amma ba wanda ya ce Sailuba, yaya mijinki yake yin abin nan?

Ina cikin takaba, ba damar in hau gbaka, motar hayar nan, in je in tsaya a gaban daraktan makarantar. Na dai aika masa da ƙunshin yadda yake, ban ko goge yajin ba. Zuhura da mijinta suna bin teburan masu nama daga Indénié har tasha suna karɓo abin da ya rage.

Na rubuta ne don in na buɗe baki a waya kuka ke riga ni. Zuhura za ta ɗauki hoton wasiƙar nan ta turo miki. Kar ki gaya wa Inna zancen naman nan.

Ki gaishe ta, ki gaida maigidan.

Taki,
Sailuba

Adjamé Liberté
22 ga Fabrairu

Yaya Salamatu,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, kuma zazzaɓin autarki ya sauka. Mu nan sai godiya, zafi ne kawai kamar a tukunya.

Na ji saƙonki. Ban san wa ya kai wa Inna labarin an buga ɗanta a jarida ba, Allah ya shirya mai bakin. Ba ni da wadda zan aiko mata. Waɗanda aka tattaro liman ya ƙona su yadda ake yi wa takarda mai aya, wadda na aika wa darakta kuwa kin san halin da take. Amma ki ce mata ta kwantar da hankali. Darakta ya zo da kansa ya ba da haƙuri, ya ce jaridar watan Maris za a sake yi wa Malam shafi na mutunci, kuma ba za a kai wurin bugu ba sai na gani. Da hotonsa da komai zan aiko mata, na yi alkawari.

Sai dai wannan Malam Yasir zai tsufar da ni. Duk Asabar yake zuwa, ya zauna a kujera a waje, ni ina ciki bayan labule, Zuhura tana kai kwamfuta tana dawo da ita kamar mai rabon tuwon suna. Hausarsa ta 'yan Abidjan ce, kalma biyu sai ya zame cikin Faransanci. Tanti kaza, Tanti kaza, haka yake kirana. Ya nuna mini shafuka ɗaya bayan ɗaya a gilashi, kowanne tsaf, har da launi. Na ce masa ni ban ga jarida ba, hotuna na gani. Wane shafi ne ke kwana a bayan wane? Yaro ya yi jami'a, Yaya, amma bai san shafi na biyu da na bakwai takarda ɗaya ce ba! Sai da na ninke farar takarda biyu, na rubuta lamba a kowace fuska, na zare ta tsakiya na miƙa masa ta ƙarƙashin labule. Ni da na tsaya a aji shida.

Na ɗauka ya gane. Satin da ya biyo ya dawo, wai wuri ya ragu a ƙasan labarin ƙwallo, sai ya cike da hadisi ɗan ƙarami. Na ce ɗan ƙarami a wurin wa? Wani satin kuma ya bar Bisimilla a saman rubutun wata yarinya a shafi na biyu. Da na yi magana ya ce to a rubuta gargaɗi da Faransanci cewa kar a naɗe abinci da jaridar. Na ce masa ya je ya nemo mini mai cukuyar da ke karanta takarda kafin ya yage ta, in ya samo shi ni zan dafa masa shinkafa. Zuhura ta yi dariya har ta kusa sakin kwamfutar mutane.

Ƙarshe na janyo kwalin Malam daga ƙarƙashin gado. Na sa ya bugo mini rubuce-rubucen yaran, na yanka, na jera a ƙasa yadda muke yi. Almakashin har yanzu da zaren da ya naɗa a hannunsa don kar ya ci masa yatsa. Ranar da na fara ɗaukarsa ban yi aiki ba.

Kar in zalunce shi dai. Da na yi masa faɗa sosai, ashe kuka yake a waje. Zuhura ta ce mini Malam ne ya koya masa karatu tun yana aji ɗaya, kuma shi ya roƙi a ba shi jaridar. Ya sa hoton da girma ne don a ganinsa duk wanda ya ɗaga jaridar ya fara ganin malaminsa. Na sa aka ba shi ruwa. Amma hadisin dai sai da ya cire.

A gaida Inna da kyau, a ce ina neman addu'arta.

Taki,
Sailuba

Adjamé Liberté
19 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da ta Inna. Allah ya ƙara mata sauƙi.

Jiya aka kai jaridar wurin bugu a Treichville. Shafi bakwai sun zauna lafiya tun makon jiya. Na Malam ne ya hana ni sakat.

Ga yadda abin yake. Na ce wa Malam Yasir ya sa hoton a takardar tsakiya, tunda ita ake adanawa. Har ya sa, ya yi kyau, hoton nan na ranar Sallah da yake murmushi. Ina jera gwajin a ƙasa sai na tuna ban taɓa riƙe wa Malam rula a kan hoton mutum a takardar nan ba, ko sau ɗaya. Tsofaffi cikin Alƙur'aninsu suke saka ta, wasu a bangon masallacin unguwa suke liƙawa. Saboda haka ne ko yaron da ya sauke bai samu hoto a ciki ba, sai dai suna. Akwai shekarar da wani Alhaji ya yi fushi a kan ɗansa har ya daina gaishe shi, Malam bai canza ba.

To in na sa shi a tsakiya, na karya abin da ya tsare shekara goma sha ɗaya, kuma da fuskarsa na karya. In na sa shi a waje, kin san inda zai ƙare.

Darakta ya ce a yi wa mamaci alfarma sau ɗaya, ai shi ne mai jaridar. Malam Yasir ya ce a buga hoton a 'yar takarda daban a cusa a ciki. Na ce wannan ai ka yanka wa mai nama daidai hannunsa ke nan. Zuhura ma da nake ganin tana bayana ta ce na cika taurin kai, in tuna da tsohuwa. Kowa da shawararsa, kamar ni ban san da tsohuwar ba. Kwana uku ina ɗora hoton a shafin ina ɗagewa, har gefensa ya fara lanƙwasa.

Na cire shi, Yaya. Shafi na huɗu sunansa ne da Larabci da boko, da shekarun da ya koyar, da addu'a. Inda hoton zai zauna na sa aka jera sunayen yaran da suka sauke a hannunsa, su sittin da uku, har da Yasir a layi na biyu. Da ya karanta sai ya tambaya ko a ɗinke. Na ce in ya ɗinke kar ya sake tako ƙofar nan. Ya ce wasa yake, Tanti.

Hoton zan sa a wanke babba in ba masu zuwa gida su kawo. Amma na san ba shi Inna take jira ba, tana da hotunansa. So take ta buɗe jarida a gaban maƙwabta ta ce ga ɗana. Ni na yi mata alkawarin haka da bakina, kuma ni na hana.

Kar ki faɗa mata, ba aikinki ba ne. Ranar Juma'a in kin je gidan ki kira ni, ki miƙa mata wayar, ko zan yi kuka a bar ni in yi.

Ki gaida yara da maigidan, Allah ya bar zumunci. Jaridar za ta fito jibi. Inna ba ta san babu hoton ba, kuma har yanzu ban gaya mata ba.

Taki,
Sailuba