Ba Mai Tare wa Ayman

Unguwar Mansur, Makka

Yaya Talatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar taki? Mu nan alhamdu lillahi, kafilina, wanda ya tsaya mini, ya ce iƙama, takardar zamana, ta kusa fitowa.

Kin tambayi ɗanki Ayman. Yana can Amurka, karatu na tafiya, yana kuma buga wa makarantar ƙwallon nan tasu ta hannu. Shi ne mai jefawa. Akwai ƙarti biyar a gabansa, aikinsu kawai su tare masa har ya jefa. Yaya, ba sa tarewa. A waya nake kallo. Kafin ya ɗaga hannu an kai shi ƙasa an danne, ya tashi a sake. Sai ki ga sun miƙa masa hannu, kamar ba su suka ba da hanya ba.

Kin san aikina a Mina. Mukan sarƙe hannuwa mu zagaye tsofaffi wurin jifa, duk turereniyar a bayanmu take ƙarewa. Tsohon wani bai taɓa faɗuwa a hannuna ba. Ga nawa ɗan ana turmushewa, sai dai in kashe waya.

Da na tambayi Ayman jikin, ya ce ba komai, ciwon kai ne. Amma ranar Juma'a ya kira, ya ce in gaishe masa da kakarsa Inna, in tambaye ta ko tarin ya sauƙaƙa. Yaya, da shi aka ɗauki makararta zuwa Harami.

Na ce masa za ta ji.

Ki sa shi a addu'a.

Ƙaninki,
Ɗan'azumi