Goggo a Kan Kujerar Uwar Sarki

Assalamu alaikum warahmatullah, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya, ya ƙara maka buɗi, ya sauƙaƙa maka zaman baƙunta. Kafin in ce komai dole in sauke saƙo, domin tun da na ɗauki biro Goggo take zaune a bakin gadona tana faɗin abin da zan rubuta, kamar ita ce mai wasiƙar ni kuma akawunta. Ta ce in gaya maka man zafin da ka aiko mata yana da ƙamshi amma ba shi da aiki, gwiwa na nan yadda ka bar ta, kuma kada ka saurari duk wani ƙarin gishirin da zan yi a kanta. To, na isar. Yanzu ta fita, sai in yi maka bayani a tsanake.

Gida lafiya lau. Idon Umma ya warke sarai bayan aikin da aka yi mata, sai dai mu ne muke shan wahalar warkewar: yanzu tana ganin ƙurar da ke saman ƙofa, ta kuma gano cewa Kawu ya tsufa, ta faɗa masa a gaban mutane. Shi kuwa Kawu tun da ya ajiye aiki ya zama mai gyaran kayan da ba su lalace ba. Ya kwance fankar falo don ya ga abin da ke sa ta ƙara, yanzu ba ta ƙara, ba ta kuma juyawa. Ni ina nan da ɗalibaina, ina duba takardun jarrabawa, ina mamakin yadda mutum zai cika shafi uku bai faɗi komai ba. Kada ka ce daga gare ni suka koya.

Maganar Auta ce ta sa na zauna rubutu maimakon in kira ka, don a waya kai kake magana, mu muna cewa to. Ka ce ba ka ga yadda za ka ɗauki ƙanwar da ka riƙe tun rasuwar Baba ka ba mutumin da sana'arsa nuna wa baƙi kayan matattu ba. Auta ba ta musa maka ba, ta ma ce mana ba za ta yi auren da ba ka sa wa albarka ba. Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Ta daina waƙa a banɗaki, ta daina jayayya da ni a kan madubi, kwanan baya har na ɗauki mayafinta na fita da shi ba ta ce uffan ba. A nan ne na tsorata. Da ka ce in je in ga mutumin a wurin aikinsa ba tare da ya san ni ba, na yi niyyar zuwa ni kaɗai. Goggo ta ce ilimin littafi ba ya gane namiji, ta ɗauki sandarta. Ta kuma ari baƙin tabarau ɗin da likita ya ba Umma, wai don kada a gane ta.

Ba ka taɓa shiga tsohuwar fadar da yake aiki a cikinta ba, ko? Ni ma sai ranar. Tun da aka haɗe 'yar masarautar da sauran ƙasa aka bar sarakunan da suna kawai, gidan ya koma na 'yan kallo. Jikokin sarkin ƙarshe suna zaune a wani ɓangare can baya, kana iya hango shanyarsu ta saman katanga, da tulun ruwa na roba a kan rufi. A bakin ƙofa ake ba kowa wata safar yadi ya ɗora a kan takalmi don kada a kuje daɓen marmara. Goggo ta sa tata, ta dubi ƙafafunta, ta ce ta zo kallon sarauta an mayar da ita agwagwa. Ciki kuwa akwai abin gani, ba zan rage musu ba. Fitilun gilashi na reto daga sama kamar nonon inabi, madubai sun fi mutum tsayi, teburin cin abinci a shirye da faranti da cokula kamar baƙin sun fita wanke hannu ne ba su dawo ba. Agogon kowane ɗaki da nasa lokacin. A tsakiyar babban zauren, ƙarƙashin zanen zinariya, an ajiye bokitin roba shuɗi yana tarar yoyo.

Shi kuma mutumin naku, wanda Kawu ya laƙaba wa suna Mai Tarihi, dogo ne siriri, kunnuwansa sun ɗan fita neman labari, hannun kwat ɗinsa bai kai wuyan hannu ba. Mu kusan goma muke bin sa, har da wasu amarya da ango da suka zo ɗaukar hoto. Yana da barkwanci guda uku, na tabbata kullum su yake yi, kuma ɗaya ne kawai yake da rai. Goggo ta fara aikinta tun daga ɗakin farko. Ta tambaye shi ko matar sarkin ta iya girki, ko aikin nan nasa na ciyar da mutum, ko yana da iyali. Ya ce girkin bai sani ba, aikin yana rufa asiri, iyali kuma ana nema. Da muka zo wata ƙofa a kulle angon ya tambayi abin da ke ciki, sai ya ce abokan aikinsa na cewa taska ce ko aljanu, ya danganta da baƙon da suka samu, amma shi a iya saninsa tsintsiya ce da guga. Na rubuta masa maki ɗaya a zuciyata.

Abin ya faru ne a ɗakin uwar sarki. Ƙaramin ɗaki ne mai taga ɗaya tana kallon lambu, da wata 'yar kujera ta karan-miski da ta koɗe, an kewaye ta da jar igiya. Mai Tarihi na cikin ba da labarin yadda tsohuwar take zama a nan tana juya ɗanta da masarautarsa ba tare da ta ɗaga murya ba, sai na ga idon Goggo ya yi haske ta bayan tabarau. Mun hau matakala da yawa, gwiwa ta ɗauki zafi, wannan gaskiya ne. Amma ni na san Goggo. Ta sa sanda ta ɗaga igiyar, ta sunkuya ta shige, ta zauna daram, ta gyara mayafi. Kujerar ta yi wani ɗan kuka. Amarya ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto. Ni kuwa na shiga karanta wani allo a bango da matuƙar natsuwa, kamar ban taɓa ganin matar nan ba.

Ya yanke maganarsa, ya je ya durƙusa a gabanta, ya ce mata cikin ladabi ta yi haƙuri ta tashi, kujerar ta tsufa, ba a zama a kanta. Goggo ta ce ita ma ta tsufa, tsoho bai ƙi tsoho ba. Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya sake roƙonta, ya ce zai kawo mata wurin zama yanzu. Da ta ga ba zai janye ba sai ta zare tabarau, ta rage murya, ta tambaye shi ko ya san da wadda yake magana. Ina kusa, na ji amsar. Ya ce ya sani tun daga tagar sayar da tikiti, Goggon Auta ce, waccan mai karatun bango kuma yayarta, don haka ma yake ta jan ƙafa a matakala saboda gwiwarta. Ashe kifi na ganinka mai jar koma. Mun yi shirin leƙen asiri mun manta hotunanmu sun cika wayar Auta. Ya ce duk da haka sai ta tashi, domin amana aka ba shi, in ya bar ta saboda ita tasa ce, gobe ba shi da bakin hana uwar wani. Ya miƙa mata hannu.

Goggo ba ta kama hannun ba. Ta dafa sanda ta miƙe da kanta, ta fito, ya ɗaga mata igiyar ta wuce kamar ba ta gan shi ba. Ya ruga ya ɗauko bencin mai gadi, ta ƙi zama. Daga nan har ƙarshen zagayen ba ta sake ce masa komai ba, kuma ka san shirun Goggo ya fi faɗanta ciwo. Na zuba masa ido a ɗakunan da suka rage. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya haɗa sunan wani sarki da na jikansa, ya gyara, ya sake ɓatawa. Barkwancinsa na uku, wanda ya saba yi a wurin tsofaffin motocin sarki, ya fara shi ya manta ƙarshen. Mutumin ya san abin da ya jefa a rijiya, Yaya. Bai yi don ya burge mu ba, ya yi ne yana ganin ya rasa ta.

Muna shiga motar haya na fara shirya yadda zan lallashi Auta. Direba na tada mota Goggo ta ce ya dakata. Ta ce tun da mijinta ya rasu babu wanda ya ce mata a'a a gidanmu, har kai da kake cika baki daga nesa, shi ya sa ta lalace. Ta ce Auta ita ta ɗauko, kai da ƙafa, kuma in aka ba ta mijin da zai riƙa ce mata to, to an cuce su duka biyu. Yaron nan ya ce mata a'a a durƙushe, hannunsa a miƙe, ita irin wannan a'ar ba ta taɓa jin ta ba. Ta ƙara da cewa kujerar ma ba daɗi, ba mamaki matar ta riƙa huce haushinta a kan talakawa. Sai ta ce in koma in mayar musu da safar agwagwarsu, don ta fito da ita a ƙafa, in kuma ce wa yaron ita ta gama nata, saura na mai gida, wato kai.

Na same shi a zauren farko shi kaɗai, zaune a kan matakala, kwat ɗin a kan gwiwa, masu shara sun fara kashe fitilu. Ya miƙe da sauri. Abin da ya fara tambaya shi ne ko gwiwar Goggo ba ta ƙara tashi ba. Na ba shi safar, na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ko kalma ba. Ya naɗe safar ya ajiye a gefe. Can ya tambaye ni wane irin mutum ne kai. Na ce masa kai mutum ne mai saurin cewa a'a, amma ban taɓa ganin ka ƙi gaskiya ba in ta zo maka a rubuce ka karanta ta sau biyu. Mai gadi ya riga ya tura manyan ƙyamaren, ya bar 'yar ƙaramar ƙofar da ke jikinsu. Na sunkuya na fita, na ji an sa sakata a bayana.

To, Yaya, ga ta a rubuce. Ba zan ce maka mai kuɗi ne ba, ba zan ce kwat ɗin zai ƙara tsawo ba. Ka aike ni in ga irin riƙon da zai yi wa abin da aka ba shi amana, na kuwa gani. Auta ba ta san mun je ba, shi ma bai faɗa mata ba, wannan ma ka lissafa masa. In ka amince, kada ka aiko ta bakina ko na Umma. Kira ta da kanka, muryarka take jira.

Umma tana gaishe ka, ta ce ka aiko sabon hoto yanzu da take gani, ta duba ko kana cin abinci. Kawu na gaisuwa, yana tambaya ko akwai abin da ya lalace a gidanka. Ka gaishe min da Maman 'Yan Biyu, ina yi mata sannu da haƙuri da kai. Ka shafa min kan 'yan biyu, ka ce wa 'yarka Likita ƙarama ina nan ina jiran ta girma ta karɓi gwiwar Goggo daga hannunmu. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Lauyar Gida