Inda Walid Ya Tsaya

Umdurman,
ranar Talata.

Zuwa ga Safa, uwar Zahra,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, jiki yana ƙara ƙwari, ruwan zafin jego kuma bai dafa min ke ba. Yaya Zahra, tana barin ku ku runtsa kuwa? Ki gaishe min da Hajiya da kyau, ki ce mata na ga aikinta. Ta ƙwace wayarki wai mai jego ba ta ƙura wa waya ido, ga shi ta mayar da ni mai rubuta wasiƙa da girmana. Mahadi direban bas ɗin Jabal Awliya zan riƙa ba wa, shi zai miƙo miki.

Ni lafiya lau, sai dai gidan ya yi min faɗi. Shagon gyara ma alhamdu lillahi. Abin da ya ɓata min rai a makon nan yayanki ne, Ibrahim Khalil. Ki yi haƙuri, jininki ne, amma in ban faɗa miki ba wa zan faɗa wa?

Kin san na'urar wasan marigayi Walid, ɗan Gwaggo Sittana ta Aljirif, tsohuwar Sufa Famikom ɗin nan da babansa ya sayo a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa a Bur Sudan tun muna yara. Ba ki taɓa zama kin ga abin da muke yi da ita ranar Juma'a ba, kullum kina madafa, to bari in gaya miki. Da ciwon ƙoda ya kwantar da Walid, ya sa aka zaro ta daga ƙarƙashin gado, ya koma kan wani wasa da muka kasa gamawa muna yara. Rubutun duk Japananci ne, da lalube yake tafiya. Gwaggo tana gefensa tana masa fifita tana kallo. Shi kaset ɗin wasan yana riƙe wurin da mutum ya tsaya. Har yau in na kunna, sunansa zai fito, WALID, sannan wani ɗan mutum mai shuɗiyar riga ya bayyana a ƙofar wani gida kusa da kogi, daidai inda ya bar shi kafin a wuce da shi asibiti. Ba ma taɓa komai. Gwaggo za ta zuba ido, ta yi addu'arta, ta ce in kashe, sai mu sha shayi.

Abin da ke riƙe da wannan duka wani ɗan batir ne a cikin kaset ɗin, bai fi maɓallin riga ba. In ya mutu, ko aka ɗaga shi ko da na ƙiftawar ido ne, komai ya goge. Ana iya canza shi, amma sai an fara jona wani a gefe ya riƙe wutar, sannan a cire tsohon a hankali. Na ɗauko kayan na kawo su shago na auna, na ga batirin ya gaji ƙwarai, na ba da saƙon irinsa a kawo min.

Ina cikin aunawar sai ga yayan naki, ustaz ɗinku, jallabiya ta sha guga, yana toshe hanci wai hayaƙin dalma. Yana ganin na'urar idonsa ya fito. Wai irin wannan ce kaɗai babu a ɗakinsa. Ɗakin nan fa na Soba da ya cika da kayan Japan a kabad ɗin gilashi, ya kunna musu na'urar sanyi dare da rana, matarsa Ni'mat tana gumi a falo. Mutumin da bai taɓa buga wasa ɗaya ya kai ƙarshe ba! Shi dai ya jera, ya goge, ya ɗauki hoto ya watsa wa mabiyansa a waya.

Ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya ce haramun ne a bar abu mai daraja ya yi launin haƙorin mai cin goro. Ya ga sunan da Walid ya rubuta da alƙalamin maka a bayan kaset, ya ce wane jahili ne ya ɓata wannan. Na ce jahilin yana kabari, a yi masa addu'a. Ko a jikinsa. Ya nemi in sayar masa, na ce ba tawa ba ce, kuma mai ita ba ta sayarwa. Washegari na mayar wa Gwaggo kayanta har batirin ya iso.

Ki sumbaci Zahra a goshi. Ki ci abinci sosai.

Naki,
Muntari.


Umdurman,
ranar Lahadi.

Zuwa ga Safa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Zahra da Hajiya da duk mutanen gidan. Ina fata kumburin ƙafar ya sauka. Kifin da kika aiko ya iso, Allah ya saka. Wannan wasiƙar ki karanta ta yau, kada ki ajiye sai gobe.

Yayanki ya zagaye ni. Ranar Alhamis ya ɗauki mota ya tafi Aljirif da sukari da ganyen shayi, ya zauna gaban Gwaggo yana lanƙwasa murya, wai ya ji labarin na'urar marigayi, ya zo ya gyara ta saboda Allah. Kin san Gwaggo. Yayan matar ɗan ɗan'uwanta ne, suruki ke nan, kuma zuwansa na farko gidanta. A tarbiyyarta ba a mayar da hannun suruki. Ta naɗe na'urar da kaset da hannun dannawa a cikin mayafinta ta miƙa masa, har tana ba shi haƙuri wai ta ɗora masa wahala. Da na je ranar Juma'a na tarar da gurbin wayam, ita kuma tana tambayata ko ta yi daidai. Me zan ce wa tsohuwa? Na ce ta yi daidai.

Daga nan ban koma gida ba, na wuce Soba. Sai da ya shanya ni a ƙofa kafin ya fito. Kafin in shiga ɗakin nasa sai da na cire takalmi na wanke hannu, kamar zan shiga ɗakin tiyata. Na'urar kuwa ya riga ya farke ta. Ya hau da ni rufin gida yana taƙama, ya nuna min murfinta, ya shafe shi da man nan da mata ke sauya launin gashi, ya naɗe a leda ya shanya a rana, wai kwana kaɗan zai koma yadda ya fito daga masana'anta. Hannun dannawa ma ya buɗe. Maɓallan da babban yatsan Walid ya cinye har suka yi santsi suna cikin kwandon shara, da wayar da ya ɗaure da baƙin salatif. Na tsugunna zan tsince su, ya ce in bari, shara ce. Na tsince abina.

Kaset ɗin yana kulle a durowa. Na zauna na yi masa bayanin batirin tiryan-tiryan, yadda ake yi wa yaro karatun allo. Na ce ya yi wa na'urar duk abin da ya ga dama, ya wanke ta har ta ɗauke ido, amma kaset ɗin ya ba ni in tafi da shi. Ya dafa kafaɗata yana kirana “ya zol”, wato kai mutumin nan, wai shi a waya yake kallon Japanawa da kansu suna wannan aikin, ba a rumfar kasuwa ya koya ba. Ina magana yana latsa waya yana cewa tamam, tamam. Wallahi Safa, ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnensa ba. Shi abin da yake gani roba ce da takardar da ke manne a jiki. A wurinsa kaset mai tsohon batir kaya ne mai aibu, shi ke nan.

Da wani ne da na fasa durowar nan. Amma yayanki ne, a gidansa nake, ga Ni'mat ta kawo shayi tana roƙona da ido. Na sha na fito, raina kamar ya fashe.

Don Allah ki karɓi wayarki ko ta minti kaɗan ce ki kira shi. In ma da hali Hajiya ta kira shi da kanta, ita kaɗai yake shakka a duniya. Ba sai kun yi masa dogon bayani ba, ba zai gane ba. Ku ce kawai kada ya buɗe kaset ɗin. Sabon batirin ya iso jiya, yana aljihuna, ni kuma ba ni da abin da zan sa wa.

Ki gaishe da kowa. Ina kewarki, musamman yau.

Mijinki,
Muntari.


Umdurman,
ranar Asabar.

Zuwa ga Safa, uwar Zahra,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya, ke da yarinyar da Hajiya. Na ga takardarki tun wancan makon, ban iya amsawa ba sai yau. Na san kin kira, na san Hajiya ta yi masa faɗa, na kuma ga abin da ya ce muku, wai ku kwantar da hankalinku ya riga ya gama komai. Ki daina cewa laifinki ne. Kun yi iyakar yinku.

Juma'ar da ta wuce waccan ya kawo kayan Aljirif. Bai zo shi kaɗai ba, har da wani abokinsa mai riƙe masa waya yana ɗauka, don mabiya su ga yadda ake faranta wa tsohuwa. Ya buɗe kwali a tsakar ɗaki. Na'urar ta yi fes, sai ka ce yau aka ƙera ta. Sababbin maɓallai, sabuwar waya. Ya juya bayan kaset ya nuna mana yadda ya goge sunan da sifirit ko tabo bai bari ba, yana jiran a yaba. Sannan ya ce har batir ya sa sabo dal, na asali, zai yi shekara ashirin. Ina jin haka na san komai ya goge.

Shi ya jona, shi ya kunna. Gwaggo ta gyara zama a kan tabarmarta yadda ta saba. Kiɗan ya tashi, allon ya buɗe, wurin da sunan yake fitowa babu komai. Ta jira. Ta dube ni, ta ce ko bai gama zuwa ba ne.

Kin san abin da yayanki ya yi? Dariya. Ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, ya ja hannun dannawa, ya rubuta WALID da kansa harafi bayan harafi, ya ce ga shi nan ya dawo. Ɗan mutumin ya bayyana a farkon wasa, a wani ɗaki da Gwaggo ba ta taɓa gani ba. Yayanki har yana juya shi hagu da dama yana cewa ta duba yadda sababbin maɓallan ke tafiya sumul. Kai! Ban taɓa raina ɗan Adam ba irin yadda na raina shi a lokacin nan. Ko fushi ban ji ba, fushi ai sai da wanda ya kai.

Gwaggo ta daɗe tana kallo. Daga baya ta ce Allah ya yi masa albarka, ya sha wahala. Ta tashi ta dafa musu shayi da hannunta, ta raka su har bakin ƙofa. Da motarsu ta tashi, ta dawo ta mayar da komai cikin kwalinsa, ta ce in kai wa surukin, kyauta ce, tunda yana so. Na ce Gwaggo kayan Walid ne fa. Ta ce a'a, na Walid ba haka yake ba.

Na kai masa, don ita ta aike ni. Ko sau ɗaya bai ce a'a ba, irin ta kunya ma. Ashe ya riga ya share mata gurbi a kabad. Yanzu haka tana can bayan gilashi tana shan sanyi, an rubuta mata shekarar ƙira a 'yar takarda. In kin gama arba'in ya zo yi miki barka da dawowa, zan gaishe shi, zan ba shi wurin zama, saboda ke da Hajiya. Iyakar abin da zai samu a wurina ke nan har in mutu.

Jiya na koma Aljirif, tunda Juma'a ce kuma ban san inda zan sa kaina ba. Na kai mata tsofaffin maɓallan da na tsinto, ta juya su a tafin hannu ta ƙulle a bakin mayafi. Ta lulluɓe talabijin ɗin da zane. Mun sha shayi. Can sai ta ce tun da safe take ƙoƙarin ganin wurin a ranta, gidan tana ganinsa, yaron ma tana ganinsa da rigarsa, amma kogin ya ƙi zama wuri ɗaya. Ta ce in tuna mata, ta dama yake da shi ko ta hagu.

Na ce ta hagu. Ta gyaɗa kai, ta ce haka ne, ta hagu, ta rufe ido tana murmushi.

Safa, duk Juma'ar duniya nake kunna abin nan, kuma wallahi ban sani ba. Babu kuma inda zan je in duba.

Ki gaishe da Hajiya, ki rungume min Zahra. Ki dawo da wuri.

Naki har kullum,
Muntari.