Faifan Taurari a Mitin ɗin Tibiri

Maraɗi, Disamba 1994

Zuwa ga Tasalla, sanyin idona, inuwar gawo a tsakar rani, ruwan Gulbi na farkon damina, wadda in ta yi murmushi har tsofaffin unguwa ke mance gajiyarsu. Gaisuwa mai yawa daga wanda shirunki ya hana wa sukuni.

Tun ranar da aka yi abin nan a Tibiri bakina ɗaci yake, ko fura na sha sai in ji kamar da maɗaci aka dama ta. Na san an kawo miki labari, kuma na san yayanki Shamsu ne ya kawo shi, don haka ki bar ni in faɗi nawa.

Kin tuna la'asar ɗin nan a Jiratawa, a garkar gwaggonki Habsatu, bakin kanal ɗin ban ruwa? Kina sheƙar alkama, kika tambaye ni me nake yi a Faransa shekara da shekaru. Na ce miki ina binciken jarirai ne na taurari. Kowane sabon tauraro yana zaune a tsakiyar wani makeken faifai na ƙura da iska mai juyawa. Kusa da tauraron akwai zafi, can gefe kuma sanyi ne da har iskar nan mai kisa, wadda gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, take daskarewa ta manne wa ƙwayoyin ƙura. Aikina shi ne in auna wace iska ta rage, wace ta daskare, don mu gane yadda ƙura ke dunƙulewa sannu a hankali har ta zama duniya irin tamu. Kika dubi faifan da ke hannunki kika ce, “Ashe mu ma sheƙo mu aka yi.” Ya ke zinariyata, manyan malamai na zauna da su, ba wanda ya taɓa faɗa min aikina da daɗi kamar haka.

Wannan faifan ne kawunki Elhaji Idirisa ya ce in zo in nuna wa samarin Tibiri. Lacca ya ce, don yaran lise, 'yan sakandare, da yajin aikin malamai ya zaunar a gida su ƙaru. Na yi murna. Na ɗauki babban hoton da na zo da shi, na hau babur ɗin kabu-kabu ina rungume da shi kamar jinjiri.

Me na tarar? Mitin na parti! Kalangai, atamfa mai hoton ɗan takara, ƙartai sun sha ƙwaya suna ihu. Ban sauka ba maroƙi ya kama kirari, wai ga bokan Turai, ga mai duba da madubin Nasara, ya hango zobe kewaye da tauraro, alamar nasarar ɗan takararsu ce Allah ya rubuta a sama. Wani ya fizge hoton da hannun da yake cin tsire, ya ɗaga wa jama'a. Ina kallon maiƙo na bin takardar. Wani kuma ya matso zai yi magana, tsartuwar goronsa ta sauka a tsakiyar tauraron. Kawunki na zaune a kujerar gaba yana gyaɗa kai, shi da ya san sarai abin da na karanta, shi da ke jan salla a masallacin ƙofar gidansa. Ina tsoron Allah a nan? Yaushe halittar Ubangiji ta zama tallar ƙuri'a?

Suka miƙo min lasifika. Na ce hasken tauraron nan ya baro shi tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, bai san parti ba, bai san ɗan takara ba, kuma duk wanda ya ce na yi duba ƙarya yake yi. Aka kashe lasifikar. Shamsu ya ja ni ta wuyan riga ya sauke ni daga dandamali, yana cewa na tozarta gidanku. Jama'a na dariya. Hoton ban sake ganinsa ba.

Wanda ya fi ba ni ƙyama shi ne na washegari. Mutanen ɗayan partin suka yi sallama a ƙofarmu a Sabon Gari, suna yaba min jarunta. Har na fara jin sanyi, sai babbansu ya rage murya ya ce, tunda zoben ba na wancan ba ne, ai sai in fito in ce nasu ne. Kura da kura, Tasalla, kowace na zagin 'yar'uwarta da warin baki. Dimokuraɗiyyar da muka yi ta zumuɗi ke nan? Malamai a gida, asibiti ba magani, su kuma suna rabon taurari.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Shirunki ne ya tsaya min a maƙoshi. Ke ma kina ganin na yi laifi? Ko an hana ki ne? In na bi ta layinku sai in ga tagarki a rufe, in ji kamar shukar da aka datse wa ruwa. Ya ke furen kabewa da safe, ya ke ƙamshin ƙasa bayan yayyafi, ki tausaya min.

Ga abin da na yanke. Zan je in durƙusa gaban kawunki in ba shi haƙuri a kan ɗaga murya, don babba ne, kuma shi ya riƙe ki tun rasuwar mahaifinki. Amma ya ce sai na fito mitin na gaba na gyara maganata, wannan kuwa ba zan yi ba. In na yi ƙarya a kan sama don in same ki, da wane baki zan ce miki ina son ki ki yarda?

Wurin bincikenmu sun kira ni in koma bayan ƙaramar salla, an ba ni lokaci a kan babban madubin hangen taurari da ke auna iskar faifan. Ina so kafin nan magabatana su je gidanku. In an kore su, su sake komawa. In kin yarda, ki gaya wa Gwaggo Habsatu, ita ba ta tsoron kawunki, kuma ita za ta shige musu gaba. In ba ki yarda ba, ki gaya min da bakinki, kada ki bar Shamsu ya yi magana a madadinki.

Ko na tafi ko na zauna, ba wata bayanki. Zan jira ki da gaskiyata a hannu, don ita kaɗai na mallaka da ta kai a ba ki.

Naki har ranar da za a rufe min ido,
Abdulmutallib