Fulas ɗin Baba Dogo

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya maigidan da yara?

Kar ki ce me ya hana ni kiran waya. Kin san gidan nan, ko tari na yi a ɗaki Baba yana ji, kuma maganar tasa ce. Shi ya sa na ba direban da ke zuwa wajenku wannan takarda.

Yaya, hannun Baba ya ƙi. Yatsun sun kumbura sun yi suntum, da safe ko maɓallin rigarsa ba ya iya sawa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗinka wa mutane maɓalli. Shekaranjiya na je shago na tarar yana fama da allura, zaren yana ta kuskure kafar. Da ya gan ni sai ya ce wai hasken shagon ne ya yi ƙasa. Na fita waje na yi kukana na share.

Mun je asibiti. Likita ya ce kumburi ne da ya daɗe yana cin jikinsa a hankali. Ya rubuta magani, ya kuma ce sai an gyara ci. A rage sukari da soye-soye da lemon kwalba da farin burodi, a ƙara kifi, ganye, wake, gyaɗa da 'ya'yan itace. Baba ya ce, "Likita, ka kwashe duk abin da nake so, ka bar ni da abincin akuya." Har likitan ya yi dariya.

A gida ina iya ƙoƙarina. Matsalar shago ce. Kin san Baba Dogo mai gyaran takalmi, wanda shagonsa ke jikin na Baba. Kullum da safe sai ya zo da fulas ɗinsa, shayin nan da in kin kurɓa sai leɓenki ya manne don sukari, ga burodi, ga soyayyen abu a takarda, su zauna a benci suna yi wa juna tsiya. Tun kafin a haife mu suke haka. Ni ya zan yi da dattawa biyu?

Ke ce malamar asibiti, ki ba ni shawara. Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, yara suna gaishe ku.

Ki daina kukan nan, kuka ba ya sauke kumburi. Abin da likita ya faɗa gaskiya ne, kullum ina ganin irinsa a ɗakin da nake aiki. Abinci ba ya maye gurbin magani, amma in ana shan magani ana ɗura sukari, wahala kawai ake yi. Kifin ki dafa ko ki gasa, kar ki soya. Ganye kar ki bar shi a wuta har ya mutu. In ya nemi abin taɓawa, ga gyaɗa ga lemon zaƙi. Shayi da citta, ba sukari, ko zai yini yana ɓata rai.

Maganar shago kuwa, ki karɓi makullin. E, haka na ce. Ki gaya masa ni na ce ya huta har yatsun su sauka. Na san Baba Dogo, shi ya riƙa ɗinke mana takalman makaranta yana cewa wai ƙafafunmu haƙora ne da su. Ina ƙaunarsa har raina. Amma shi in bai cika maka kofi da sukari ba, gani yake bai karrama ka ba, kuma ba a wannan tsufan zai canza ba. In ya zo gida ki gaishe shi da ladabi, ki ce Baba yana hutawa. Fulas ɗin nan kar ya wuce bakin ƙofa.

Kin cika sanyin hali, shi ya sa Baba yake juya ki. Mun rasa Umma kowa yana jin nauyin ya ce mata a'a. Ba zan sake zuba ido ba. Ɗan lokaci ne, Baba Dogo yana nan, ba inda za shi.

Ki gaishe min da Baba ƙwarai. Allah ya ba shi lafiya.

Yayarki

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, muna nan da godiyar Allah.

Albishirinki. Jiya Baba ya saka maɓallansa da kansa, tun daga wuya har ƙasa. Zoben azurfar nan da ya maƙale masa ma ya fara juyawa. Likita ya duba ya ce mu ci gaba da abin da muke yi. Yanzu har gwanda yake sha ba tare da ya yi min wa'azi ba.

To amma, Yaya, raina ba daɗi. Ranar da na nemi makullin na shirya za a yi rigima. Sai kawai ya zaro shi daga aljihu ya ajiye min a kan tebur, ya ce, "In ita ta faɗa, shi ke nan." Tun daga nan maganarsa ta ragu. Ya ci abin da na ba shi, ya ce an gode, ya koma kujerar bakin taga. Rediyon ma yana kunne ne kawai, ba ji yake ba.

Baba Dogo ya zo, ya sake zuwa, ya kuma sake zuwa, kullum da fulas a hammata. A zuwansa na ƙarshe ya ce, "Auta, ko kofi ɗaya? To ke ɗanɗana ki ji mana." Na ce ya yi haƙuri, Yaya ta hana. Ya yi dariya ya ce, "Malamar asibiti ta yi magana, wa ya isa ya ja?" Na ga ya rame, 'yar matakalar ƙofar nan ma sai da ya tsaya ya huta. Da zai tafi ya ce, "Ki gaya wa Tela bencin ya yi min tsawo."

Ban gaya masa ba, don na san in ya ji, takalminsa zai saka. Da yamma ya tambaye ni, "Dogo bai leƙo ba?" Na ce bai zo ba. Sai ya ce, "To, ya samu wasu abokan ke nan." Wallahi ji na yi kamar in nutse.

Ba za a bar su su gaisa ba, ko da ina tsaye a kansu? Ki amsa min da wuri.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Salam. Alhamdu lillahi, maganar maɓallin nan ta faranta min rai, har abokan aikina na gaya wa.

Kar ki sassauta yanzu da aka fara ganin haske. In kina tsaye a kansu ma kunyar Baba Dogo za ki ji, na san ki. Na nemi hutu, ƙarshen wata ina tafe. Ni da kaina zan mayar wa Baba makullinsa, in zaunar da Baba Dogo in yi masa bayani yadda zai gane. Ki ƙara haƙuri, saura kaɗan.

A gaishe da kowa.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Dogo ya rasu.

Da safe ɗansa ya zo yana buga ƙofa. A bakin shago aka same shi, a kan bencin, ya jingina da bango kamar mai gyangyaɗi. An ce zuciya ce, ashe ya daɗe yana ɓoye ciwon.

Baba bai yi kuka ba. Hannu kawai ya miƙo min ya ce, "Makulli." Na ba shi, na bi shi a baya. Ya buɗe shagon, ya kaɗe ƙurar teburin, aka kawo farin yadi. Wani ya ce a kai wa wani telan saboda hannunsa, ko kallon mutumin bai yi ba. Ya ɗauki allura, Yaya, zaren ya shiga tun a karon farko. Abin da muka yi ta fata ke nan. Abu na farko da yatsun suka ɗinka shi ne likkafanin amininsa.

Bayan an dawo daga maƙabarta muka shiga yi wa matarsa gaisuwa. Ta ɗauko fulas ɗin ta ajiye a gaban Baba, ta ce a shago aka tsince shi, da kofi biyu. Ta ce tun ranar da ya ji abin da likita ya faɗa, ya hana ta sa masa sukari. Ya je wajen mai kemis ya tambayi abin da masu kumburi ke ci, ya bar burodin da soye-soyen, ya koma gyaɗa da lemon zaƙi. Kullum sai ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce, "Kai, wannan ai magani ne. Amma in Tela zai sha shi haka, gara in koya, kar ya sha shi kaɗai."

Sai ta ce, "Ya yi ta zuwa gidan, ana ce masa kana hutawa. Ya ce ba komai, zai jira ka a shago."

Baba ya juyo ya dube ni. Da muka koma gida na durƙusa na gaya masa duka, har saƙon bencin. Ya ce in tashi in ɗora masa kifinsa, lokacin magani ya yi.

Baba Dogo ya ce in ɗanɗana, Yaya. Da bakinsa ya ce in ɗanɗana in ji. Da na yi kurɓa ɗaya, da na buɗe masa ƙofar. Ba na ɗora miki laifi, ni ce nake tsaye a wajen. Tun ranar abinci ba ya wuce min, ina dafa wa Baba nasa in zauna ina kallo.

Ki zo, don Allah.

Auta

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Ki duba rubutun da kyau, da hannuna na yi. Yatsun sun sauka. Allah ya yi muku albarka ke da ƙanwarki.

Auta ta ce kin kasa kira na don kunya. Ki bar wannan. Lafiyata kuka nema, kuma kun samu. Ni ma ƙafafuna lafiya lau suke, da na taka na je da kaina, amma na zauna ina fushi wai Dogo ya manta da ni. In kin zo ki lallashi yarinyar nan ta ci abinci, ta fi ni ramewa.

Na koma shago. Matarsa ta bar min fulas ɗin, Auta ke cika min shi da safe, citta ce kawai ba sukari. Ina cin ganyen da kifin yadda kika ce, ba na tsallake magani. Shayin dai har yanzu ɗaci yake min, ban san yadda Dogo ya iya da shi ba.

Ya yi gaskiya, bencin ya yi tsawo.

Ki shafa min kan yara. Allah ya kawo ki lafiya.

Babanki