Fuskar Wana Ta Fito a Littafin da Na Rubuta

Daga admin: wani ɗan'uwa ne ya turo, ya roƙi a sakaya sunansa. A karanta har ƙarshe kafin a ba shi amsa, kuma ban da zagi.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya kai mini iya wuya, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a gida, don gidan ne abin ya shafa.

Ni marubuci ne, a Birnin Konni nake zaune. Aikina rubuta littattafan zane, irin masu hotuna da 'yar magana a saman kan mutum, sai kuma wasannin kwaikwayo na tele. Ba ni ke zanen ba, ni ko kaza aka ce in zana sai ta fito kamar buta, nawa labari ne kawai, in rubuta ga wane ya shigo, ga abin da ya ce, ga abin da ya yi, sai a tura wa mai zane a Yamai. Galibi porje-porje, wato ƙungiyoyin nan na ayyukan raya ƙasa, ke ba mu aikin, yau a ce rubuta kan rigakafi, gobe kan wanke hannu, jibi kan ajiyar wake. A ƙauyenmu, can wajen Alela, ba wanda ya san wanga aiki nake yi. Innarmu in an tambaye ta sai ta ce yana buro, wato aikin ofis, shi ke nan, ni kuma ban taɓa gyara mata ba, don in ka ce wa mutumin ƙauye tatsuniya kake ana biyanka, daga ranar ya raina ka.

Bara wani porje sunka neme ni in rubuta littafi kan masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Duk wanda ke zaune bakin iyakar nan ya san halin da ake ciki, ba sai na tsaya bayani ba. Sunka ce saboda tsaro kar sunana ya fito, na ƙirƙiri wani suna, na sa hannu a takarda cewa ba zan faɗa wa kowa ni na rubuta ba. Na ji daɗin aikin wallahi, na ce yau dai zan rubuta abin da zai yi wa mutanena amfani. Mugun da ke cikin labarin na yi shi ɗan kabu-kabu mai ɗaukar fasinja a moto, wato babur, mai fara'a, kowa nasa, amma a ɓoye yana kai burodi da esansi, wato man fetur, daji, yana nuna gidajen masu hali. Daga kaina na ƙago shi, Allah shi ne shaida, ban da kowa a zuciyata.

Mai zanen bai taɓa taka Konni ba. Zanensa na farko da ya turo, mutanen kamar 'yan birni, hula ba irin tamu ba, rumbu ba irin namu ba, har moto ɗin ma ba irin wanda ake hawa a nan ba. Madam ɗin porje ta ce in tura masa hotuna ya ga yadda mutanenmu suke. Ni kuma ina cikin sauri, na buɗe salula na kwashi hotuna barkatai na watsa masa, na kasuwa, na tasha, na gona, har da na sunan ɗiyar wana. Wan nawa uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ya riƙe gona bayan rasuwar babanmu don in ci gaba da lakwal, wato makarantar boko, kuma ban da noma kabu-kabu yake yi tsakanin ƙauyuka da Konni. Yana da tabo a girar hagu, amalanke ta yar da shi tun muna yara, yana da wushirya, kuma kan kujerar motonsa kullum akwai buzun rago baƙi da fari. A hoton yana zaune kan moton yana dariya.

Nan ne na yi kuskuren da har in mutu ba zan yafe wa kaina ba. Kafin a buga littafin an turo mini shi in duba. Ni marubuci, idona kan rubutu yake. Na bi shafi shafi a salula ina jan hoto da yatsa, ina neman inda anka manta lanƙwasar ƙ da ɗ, ina faɗa da su kan waƙafi, har na yi cika baki cewa ba harafi ɗaya da ya kuɓuce mini. Fuskokin kuwa ko kallon kirki ban yi musu ba, a raina wannan aikin mai zane ne. Na rubuta an duba, a buga. Sai da littafin ya zo a kwali, babba, da launi, na buɗe tsakiya, na ga Yaya yana miƙa wa ɗan bindiga jarkar esansi. Tabon, wushiryar, buzun ragon, ba abin da mutumin nan ya rage. Sai na rarrashi kaina na ce wa zai lura, littafi ne fa, kwana biyu mai ƙosai za ta naɗe ƙosai da shi.

Ashe na manta da abu ɗaya, alhali saboda shi ake yin irin littafin nan: wanda bai iya karatu ba hoto yake karantawa. An raba shi a lakwal-lakwal da gidajen likita tun daga Konni har Malbaza da Illela, ga tambarin porje a baya, wanda a wurin mutanenmu duk takarda mai tambari maganar gwamnati ce. Da farko abin raha ne, abokan Yaya a tasha suna tsokanarsa wai ya shiga littafi ya zama babban mutum, shi ma yana dariya, har ya karɓi guda ya ajiye a ɗaki don bai san abin da ke ciki ba. Ana haka sai anka ɗauke wani Alhaji mai fataucin albasa a ƙauyen da ke kusa da namu. Ya dawo da rai, Alhamdu lillahi, amma ya ce waɗanda sunka kama shi sun san har ɗakin da yake kwana. Daga nan kowa ya fara tambayar wa ya nuna gida, sai wani ya ɗauko littafin.

'Yan'uwa, Yaya yana ɗaukar burodi da esansi da gaske, masu tebur na ƙauyuka yake kai wa, kamar kowane ɗan kabu-kabu a ƙasar nan. Abin da ke ciyar da shi ne ya zama shaida a kansa. Fasinja sunka ɗauke ƙafa. Matarsa tana sai da fura, sai ta dawo da ƙwaryarta yadda ta fita da ita. A masallaci in ya shiga sahu sai a bar masa fili dama da hagu, mutumin da a da in bai zo daɓe ko aikin gayya ba ba a farawa. Jandarma sunka kira shi, ya kwana biyu, sunka bincika salularsa ba su ga komai ba sunka sallame shi, sai gari ya ce ai saye su ya yi. Satin da ya wuce anka zuba wa motonsa ƙasa a tanki, kuma wani daga cikin 'yan banga ya aiko masa cewa in aka sake ɗaukar ko akuya a yankin, ba za su tsaya jiran jandarma ba. Kun san abin da wannan magana take nufi, kun san ba wasa ake yi da ita ba.

Na je gida da na ji labari. Inna ta rame, ta zaunar da ni ta nuna mini littafin, ta ce wanda duk ya yi wa ɗanta wanga ƙazafi ba ta yafe ba duniya da lahira, Allah ya hana shi kwanciyar hankali yadda ya hana ta. Ta juyo ta ce in ce amin. Na ce amin. Da bakina na ce amin. Da zan tafi Yaya ya raka ni bakin hanya a ƙasa, tun da moton ya lalace, ya ce shi bai san wanda ya tsokana a duniya ba, ya yi tunani har ya gaji, amma ni da na yi lakwal na san manya, in taimaka in nemo masa wanda ya rubuta littafin. Ya ce ba faɗa zai yi da shi ba, so yake kawai mutumin ya zo gaban mai gari ya faɗi inda ya san shi. Na ce to Yaya, zan bincika. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba.

Ba zama na yi ba. Na kira mai zanen, ya ce ni na turo hoto ni na sa hannu, shi fuskar ta yi masa kyau ne ya ɗauka, kar in ƙara kiransa kan wanga zance. Na samu madam, ta nuna tausayi sosai, sannan ta ce littafi ya riga ya watsu ba a iya tattaro shi, kuma ai an rubuta a bangon baya cewa duk kamanni dace ne. Na ce mata wa zai karanta wa ɗan banga bangon baya. Munka yi sama sama, ta tuna mini takardar da na sa wa hannu, ta ce in na buɗe baki su ba ruwansu da tsarona, kuma kar in sake jiran aiki daga gare su. Aikin bai dame ni ba yanzu, in sun so su riƙe.

Ga kuma abin da ya sa na kasa ƙara kwana ban rubuto muku ba. Littafin ya karɓu, don haka tun watannin baya anka sa ni na mai da shi wasan tele, kuma an riga an ɗauka. Mai ba da umarnin wasan, don ya burge porje, sai ya nemo ɗan wasa mai wushirya, anka zana masa tabo a gira, anka shimfiɗa buzu kan moto, wai don ya yi daidai da littafi. Ni a rubutuna mutanen gari sun kama mugun sun miƙa wa hukuma, amma shi ya ƙara wurin da ake dukansa da sanduna kafin jandarma su iso, ya ce abin da 'yan kallo ke so ke nan. Na roƙe shi ya cire, ya ce an gama haɗawa, kuma marubuci in ya miƙa takarda bakinsa ya mutu. Saura sati uku a fara nunawa. A ƙauyenmu akwai tele mai sola a wurin mai shayi, duk samarin gari nan suke taruwa, har da 'yan bangar.

Na ce wa Yaya ya zo in kai shi Yamai ya ɗan zauna, ya ce ko kusa, hatsinsa ya fara fitar da kai, ga Inna ga iyali, kuma ranar da ya bar gari ranar ya amsa laifin da bai yi ba. Gaskiyarsa ne.

Abin da ya rage shi ne in je ran Juma'a in tsaya gaban mai gari da liman in ce ni na rubuta, in nuna musu hoton sunan a salula da yadda anka kwafe shi. Na san mai kai rahoton na gaskiya yana nan cikin masu saurare, zai san wanda ya rubuta littafi a kansu, ya san gidan uwata. Na san Inna za ta gane wanda ta yi wa baki. Duk wannan na yarda in ɗauka, ni na jawo. Abin da ke tsayar da ni shi ne na san mutanenmu. Rabi za su ce ƙarya nake don in wanke ɗan'uwana. Sauran rabin, waɗanda nake tsoro, za su ce to ga shi nan, ashe ba baƙo ba ne ya zana shi, ƙanensa ne ciki ɗaya, wa ya fi shi sanin halinsa. Yanzu zargi ne kawai daga takardar da ba a san mai ita ba. In na yi magana ina tsoron in mai da zargin shaida, in zama ni na ƙarasa shi da bakina bayan na fara da alƙalami.

Jibi Yaya zai shigo Konni neman makaniken da zai wanke masa tanki, a wurina zai sauka. Ɗazu ya kira da salular maƙwabci, ya ce yana ji a jikinsa na samo masa mutumin, don ban taɓa ba shi kunya ba.

Don girman Allah ku faɗa mini. In faɗa masa jibi ko in ci gaba da cewa ina bincike? In na faɗa masa, in je gaban gari ko zuwan nawa ne zai sa a kashe shi? Akwai wanda ya san hanyar da ake bi a tsayar da wasa kafin a nuna shi a tele? Malamai da ke cikin zauren nan, da waɗanda sunka san halin ƙauyukanmu na bakin iyaka, ku yi mini magana. Wanda zai zage ni ya zaga duk da admin ya hana, na cancanta, amma in ya gama ya faɗa mini yadda zan yi wana ya kai girbi da ransa.