Ɗan Farina da Aka Haifa a Ƙetaren Kogi

Zuwa ga Mai girma Shugaban kwamitin zaɓen ɗaliban da ake turawa jami'a, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Yaya fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Ranka ya daɗe, ni tela ne a kasuwar Gaya. Faransancina bai wuce na awon wando ba, shi ya sa na rubuto da Hausa, na san ba za a rasa mai karanta maka ba. Na kuma bar wasiƙar a buɗe, domin abin da ya same ni yana jiran wasu iyayen a bakin kogin nan.

Maganar ɗana ce, ɗan farina. Bana ya gama lise, wato babbar sakandare, ya ci jarrabawar fita da ake kira bak, shi ne na biyu a ajinsu. Ya nemi gwamnati ta tura shi Dakar ya koyi aikin likita. Ranar Talatar da ta wuce takarda ta iso daga ofishinku cewa an cire sunansa. Dalilin layi ɗaya ne: a Dahome aka haife shi, guraben kuwa na 'yan ƙasa ne.

Na ɗaya. Takardar haihuwarsa ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta faɗi yadda aka yi ba. A nan wurinmu mace ba ta haihuwar fari a ɗakin miji, gidan iyayenta take komawa goyon ciki. Uwarsa 'yar ƙabilar Dandi ce, ƙauyensu yana ƙetaren kogi, a ɓangaren Dahome, idan gari ya yi shiru muna jin dakan matansu daga nan. Da cikin ya kai wata bakwai, ni da kaina na shigar da ita kwalekwale, don lokacin ba a yi gada ba. Babu wanda ya tambaye mu takarda, Nasara ɗaya ne ke mulkin gaɓa biyun. Ta haihu, ta gama wankan jego, ta dawo. Duk zaman yaron nan a Dahome bai cika wata uku ba, kuma yawancinsa barci ya yi.

Surukina, Allah ya jiƙansa, shi ya ja mana, kuma da kyakkyawar niyya. Don murnar jika ya taka da ƙafa har ofishin hukuma a garin Malanbil ya sa aka rubuta haihuwar, a zamanin da ba kowa ke damuwa da wannan ba. Sa'o'in ɗana nawa aka haifa a can, ba a rubuta ba, sai da za su shiga lakwal, wato makarantar boko, aka yi musu takarda aka sa Gaya? Ashe da tsohon ya yi sakaci, da yau jikansa ɗan ƙasa ne.

Na biyu. Ƙannensa huɗu a ɗakina aka haife su. Uwa ɗaya, uba ɗaya, akushi ɗaya. Su 'yan ƙasa ne, yayansu baƙo. Na rasa yadda zan yi musu bayanin wannan.

Na uku. Ba na jayayya da niyyarku. Kullum a rumfata ana gardamar nan. Wasu su ce a bi sakamakon jarrabawa kawai, wanda ya fi ci ya tafi. Wasu su ce a'a, mutanen bakin teku irin su 'yan Dahome sun riga mu samun lakwal da shekaru, su suka cika ofisoshi, yanzu da muka samu mulkin kai sai a ɗaga namu. Ni ina taka keken ɗinki ina saurare, kuma sau da yawa na biyun nake mara wa baya, don na sha tsayuwa gaban akawun da ba ya jin ko gaisuwata. Ban san da ɗana za a fara ba. Yaron nan ba ɗan akawu ba ne. A kan teburin yankan yadina ya koyi rubutu. Ranar da yake cika takardun neman gurbi ya zo ya tambaye ni abin da zai sa a layin ƙabila. Ni Bahaushe, uwarsa 'yar Dandi, kakata Bafillatana. Na yi dariya na ce ya sa wadda ta shiga layin. Yau ba na dariya.

Na huɗu, kuma ina roƙo a ji wannan da kyau. Na san wanda aka bai wa gurbin. Garba ne, ɗan manoma daga Zabori, wanda ya yi shekara uku a gidana lokacin da suke lakwal tare. Sakamakonsa bai kai na ɗana ba, amma na ga yadda ya sha wahala kafin ya kai nan. Shekaranjiya ya zo, aka sa masa tuwo ya kasa ci, ya ce zai rubuto muku ya janye. Na yi masa faɗa sosai, na ce idan ya yi haka kada ya ƙara tako gidana. Zabori ta fi Gaya bukatar likita. Kada a taɓa Garba saboda wasiƙata. Shi ma ɗana ne.

Na biyar. Wannan ba hujja ba ce, amma ita ta sa na ɗauki alƙalami. Ɗana ya ce, "Ba komai, Baba," ya mayar da littattafansa cikin akwati. Uwarsa ce ta karya mini zuciya. Ka san kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ko ya zo da sakamako mai kyau sai ta kau da kai kamar ba ta ji ba. Ranar Talatar tana tankaɗe sai na ji ta ce, da ta sani da ta daure ta haihu a nan, ko da duk garin za su yi da ita. Sannan ta tashi ta ɗora hannu a kansa. Tun da ta yaye shi ban taɓa ganin haka ba. Ranka ya daɗe, matar nan ba ta yi laifi ba. Idan akwai laifi nawa ne, ni na ƙetare da ita.

Ga roƙona. A sake duba takardunsa kafin ɗalibai su tashi bayan damina. A aiko a tambayi mai gari da liman da malaman lakwal ɗin Gaya inda ya girma da inda ubansa yake biyan haraji. Kuma don waɗanda ke tafe, a ƙara layi ɗaya a takardarku, a tambayi yaro inda ya tashi, domin daga nan har Tunuga 'ya'yan fari da yawa a ƙetare aka haife su. Kwat ɗin da na ɗinka masa don sanyin Dakar tana rataye a rumfata. Mutum biyu sun taya, na ce ba ta sayarwa ba ce.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya raya maka zuriya, ya sa kada wata takarda ta taɓa raba ka da ɗanka.

Na lura har na kawo nan ban faɗi sunansa ba, ga shi kuwa da suna za ku nemo takardunsa. Ni ma shekara ashirin ke nan ban taɓa kiransa da bakina ba. Yau na ajiye kunya. Sunansa Iliyasu. Ɗana ne, ɗan Gaya ne.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Baban Iliyasu, tela a kasuwar Gaya.